Bangon da Gwaggo Ta Wanke

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ban ga ranar da zan manta da makon da muka kafa baraki a gidan jama'a na Malanville ba. Yawancin waɗanda aka yi abin a gabansu sun riga mu gidan gaskiya, amma ni har yau abin na nan a idona kamar jiya aka yi.

Lokacin mulkin soja ne, zamanin da kowa ya koma kamarad, daga mai sayar da albasa har liman. Ni kafinta ne, ina ɗan taɓa walda, shekaruna talatin da 'yan kai. Na yi aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, ina iya haɗa Faransanci da ƙyar da jiɓin goshi, kuma wannan ɗan abin ya sa girman kai ya yi mini katutu. In ina tafiya cikin kasuwa da fensir a bayan kunne, ji nake duk garin ba a haifi na biyuna ba.

Gidan jama'armu ɗaki ɗaya ne tun samun mulkin kai. Nan ake taro, nan ake allurar rigakafi, nan ake awon jarirai, nan kuma ake yaƙi da jahilci. Gari ya ƙaru, ɗaki bai ƙaru ba. Ana nan sai wani kamfanin da ya gama gyaran hanya ya tashi, ya bar ɗakin kwanan ma'aikatansa a daji, can gaba da Guéné. Irin ɗakin nan ne da ba a gina shi da ƙasa ko bulo. Falle-falle yake zuwa, katako da ƙarfe, a jera su a ɗaure da ƙusa mai murɗi, in an gama aiki a kwance a loda a mota. Mu baraki muke ce masa. Kapitan ɗin da ke riƙe da gundumarmu ya roƙa aka ba shi, ya ce za a kafa shi jikin gidan jama'a ya zama ɗakin mata, su yi karatunsu da awon 'ya'yansu. Ya kuma aika wa babban soja mai mulkin lardi a Parakou cewa ya zo ranar Asabar ya buɗe.

Ni aka ba aikin kwancewa da kafawa. Da na je na duba, na ga barakin ya sha yawo. An kwance shi an kafa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, wasu fallayen sun ɗan karkace, an sake huda ramukan ƙusa da hannu. Ma'ana, kowane falle da abokinsa kaɗai yake shiga. Sai na ɗauki alli na bi su ɗaya bayan ɗaya na sa lamba, sama da sittin, na zana yadda suke jere a takarda na soke a aljihu. Da fenti ya kamata in yi, amma ina sauri, kuma alli ne a hannuna.

Ranar Litinin babbar motar kamyo ta sauke kayan a filin gidan jama'a. Kapitan ya zo dubawa. Saurayi ne daga kudu, ba ya jin Hausa, ba ya jin Dendi, ba ya kuma ɗaga murya, abin da ya sa aka fi tsoronsa ke nan. Na bi shi ina nuna masa lambobin ina bayani da Faransancina mai ɗingishi, ya gyaɗa kai. Yana tafiya sai ga Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta raine ni bayan rasuwar uwata. Ita ce shugabar mata masu bandar kifi, mace mai murya, in ta yi kira a bakin kogi ana ji a tasha. Ta shafa falle ɗaya ta dubi tafin hannunta.

"Kai ɗan nan, mi na na wanga zane-zane da kay yi ma bangon mutane?"

"Gwaggo, aikin masu boko na," in ji ni, "ba ki ganewa."

Iyakar abin da na ce mata ke nan. Na ɓata rabin awa ina yi wa baƙo bayani, amma matar da ta goye ni ban ba ta ko jimla biyu ba.

Talata da safe na haye gada na tafi Gaya, tsallaken iyaka, neman ƙusoshi, don da yawa daga cikin tsofaffin tsatsa ta cinye su. Na dawo bayan azahar. Tun daga nesa na jiyo waƙa da guɗa, na ce a raina wa kuma ke biki ranar Talata? Ina shawo kwana na tsaya cak. Mata sun fi hamsin a filin, da bokitai da soso da sabulun salo. Gwaggo ta kira gayya. A garinmu ba a shiga sabon ɗaki da dauɗar wani, kuma an ce musu ɗakin nasu ne. Sun ɗebo ruwa tun daga kogi, sun wanke kowane falle ciki da baya, sun jera su a rana, manya gefe guda, ƙanana gefe guda, kamar kwanukan jere. Na ruga ina juya su ɗaya bayan ɗaya. Ko ɗigon alli babu.

Ban san lokacin da buhun ƙusoshin ya faɗi daga kafaɗata ba.

"Wa yas sa ku? Wa yas sa ku wanga aiki?"

Waƙa ta tsaya. Gwaggo ta taho tana share hannu da zane, fuskarta cike da murna, tana jiran a gode mata.

"Ɗakinmu na, ko ba haka anka ce ba? Dubi yadda yay yi tas."

"Kun kashe ni! Wallahi kun kashe ni! Tsohuwar da ba ta san komi ba sai hayaƙin kihi, mi yak kai ki taɓa abin da ba ki sani ba?"

A gaban matan da take shugabanta na faɗi haka, a gaban surukarta. Murnar kawai na ga ta sauka daga fuskarta. Na yi shekaru ina roƙon Allah ya yafe mini wannan maganar, kuma har yau in na tuna ta kunya nake ji.

Kamar jira ake, sai ga motar kapitan da jandarma biyu da magatakardan da ke yi masa tafinta. Ashe guɗar ce ta jawo shi. Ya zagaya fallayen hannuwansa a baya, ya tsaya, ya sake zagayawa. Ni da bakina na gaya masa jiya cewa in babu lambobin nan ɗakin ba zai tashi ba. Ya yi magana a hankali, magatakarda ya juya.

"Kapitan ya ce, wa yag goge lambobin?"

Wanda bai rayu a zamanin ba ba zai gane nauyin wannan tambaya ba. Akwai kalmar da kowa ke tsoro a lokacin, zagon ƙasa. In aka laƙa wa mutum ita, mota ce za ta ɗauke shi zuwa kudu, kuma ba wanda zai ce ga ranar dawowarsa. Mun ga wanda aka tafi da shi da ƙafafunsa, ya dawo bayan shekara biyu ana riƙe shi. Ga shi kuma kapitan ya riga ya gayyato maigidansa, kunyar da zai sha dole ta sauka a kan wani.

Magatakarda ya maimaita tambayar. Na waiga na ga Gwaggo ta kwance zanenta ta sake ɗaure shi tamau a ƙugu, yadda take yi in za ta ɗaga kwandon kifi. Na san abin da ke biye. Ba jarumta ba ce ta sa ni magana, kada in yi muku ƙarya. Kawai na hango ta a bayan motar nan ne, da ciwon gwiwarta.

"Ni na," na ce. "Ni nas sa su wanki. Ɗakin shina cikin kaina, ba ni bukatar lamba."

Kapitan ya dube ni daga sama har ƙasa. Sannan ya ce wani abu gajere, ya shiga mota. Magatakarda ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Ya ce baƙo shina isowa Asabar da hantsi. In ya iske ɗaki tsaye, to. In ba haka ba, cikin motarsu kaka komawa kudu."

Aka bar jandarma ɗaya a gindin darbejiya da bindigarsa a kan cinya.

Laraba na fito da leburori takwas da takardata. Takardar ta ce bakwai na bin shida, amma wane ne bakwai, wane ne shida? Duk fenti ɗaya, duk tsawo kusan ɗaya. Mu ɗaga wannan mu kara da wancan, ramuka uku su dace, na huɗu ya kauce da faɗin yatsa. Mu sauke mu ɗauko wani. Na yi tunanin in huda sababbin ramuka, amma gefen fallayen ya riga ya zama rariya, na gwada a ɗaya katakon ya tsage. Wajen la'asar mun tsayar da guda biyar, iska ta taso daga kogi, biyu suka kife, saura ƙiris su danne wani lebura. Na zage shi, na zagi sauran, uku suka ajiye aiki suka tafi. Na zauna a kan daɓen siminti ina hangen hanyar gada. Gaya ba nisa, ina da abokai can. Amma in na tsere, tambayar da aka yi jiya za a sake yi, kuma na san wadda za ta amsa.

Alhamis da sassafe na iske Gwaggo a filin da matanta, da wani tsoho siriri mai farin gemu. Na san shi, Badende ne mai sassaƙa jiragen masunta a bakin kogi. Gwaggo ba ta dube ni ba, da shi ta yi magana.

"Ga shi nan, Baba. Shi na mai boko."

Na ce a raina yau ga wata sabuwa, ina cikin wuta an kawo mini mai kwalekwale. Na miƙa masa takardar don in kunyata shi. Ya karɓa ya juya ta sama da ƙasa, ya mayar mini.

"Ɗana, mu in munka kwance tsohon jirgi ba mu rubutu. Dubawa muka yi inda wanga katako yac ci wancan. Ku kwantar min da su ƙasa, dut."

Ba ni da wata dabara, sai na bi. Aka shimfiɗa fallayen a fili. Tsohon ya bi su yana tafiya a hankali, ya fara da raba su biyu. Waɗanda fentinsu ya ƙoƙe ya ce su ne suka sha ranar yamma, masu sauran haske kuwa na gefen inuwa ne. Ni da na kwance ɗakin da hannuna ban lura da wannan ba. Sannan ya durƙusa yana shafa gefen kowane falle da yatsa, inda ƙarfe ya goga ƙarfe shekara da shekaru. In ya ji wani gurbi a nan, sai ya tafi neman tudun da ya yi shi a wani.

Abin da ya fi ba ni mamaki matan ne. Kowace ta san fallen da ta dirza. Wata ta ce nata yana da kunkunniya a sama wadda ta ƙi fita, wata ta amsa daga can cewa nata ma haka, ashe kusurwar da ake girki ce. Wata ta tuna ramukan ƙananan ƙusoshi a jere, inda ma'aikata ke ɗaura igiyar gidan sauro, aka bi layin aka sami shida a jere. Surukar Gwaggo ta nuna wani dogon ƙarzane da ƙafar gado ta yi, ya fara a falle ɗaya ya ƙare a wani. Ni mai boko na koma ɗan ɗauko wancan, ajiye wannan. Jandarman ma ya jingine bindigarsa ya zo yana leƙe, har ya nuna wani tabon mai da ba wanda ya gani.

Kafin magariba ɗakin gaba ɗaya yana kwance a ƙasa, kowane falle kusa da abokinsa.

Juma'a muka fara tayarwa. Tsohon ya ce mini in sa ƙusoshi amma kada in ɗaure su tamau sai fallen ƙarshe ya shiga. Na ce to. Amma da na tuna yadda iska ta kifar mana da biyu shekaranjiya, sai na bi bayansu da sifana ina murɗe kowace har sai ta yi ƙara. Ban gaya wa kowa ba. Hali dai bai bar ni ba. Muka tsaya sallar Juma'a, muka dawo, bango uku suka tashi, na huɗu ya kusa.

Asabar da asuba aka ɗora kwanon rufi. Saura falle ɗaya, na kusa da ƙofa. An riga an jera kujeru, 'yan makaranta sun yi layi da tutoci, makaɗa sun zo. Muka ɗaga fallen muka kai shi gurbinsa, ya ƙi shiga. Gurbin ya matse da faɗin yatsu biyu. Muka juya shi, muka buga da guduma, ko gezau. Sai ga wani a kan babur ya shigo da gudu yana cewa ayarin ya baro Guéné.

Tsohon ya kama wata ƙusa ya gwada murɗawa da hannu. Ya ɗago ya dube ni.

"Ka ɗaure su."

"Na ɗaure, Baba."

"To kwance. Dut bangon ga."

"Da ruhin kwano bisa kai? In yah hwaɗi hwa?"

"In ba ka kwance ba, ba shi shiga."

Gwaggo ba ta jira an ce mata komai ba. Ta buga kiran nan nata na bakin kogi, mata suka taso daga inda suke zaune da kwalliyarsu ta biki. Rabi suka shiga ciki, rabi suka tsaya waje, kowace ta dafa bango da hannu biyu. Ni kuwa na bi ƙusoshin ina sassautawa, sifana tana zamewa saboda gumi. Duk wadda na kwance sai in ji ɗakin ya yi wani ɗan kuka, kwano ya motsa a sama. Mata talatin ne a ƙarƙashin rufin nan, wasu da goyo. Na ce su fitar da masu goyo, ba wadda ta motsa.

Muka fara jin jiniya daga bakin gari. Kapitan ya iso filin cikin kakinsa na ado, ya dubi gurbin, ya dube ni. Ya ɗaga wa jandarman yatsa, shi kuma ya ɗauki bindigarsa ya zo ya tsaya a bayana, har ina jin numfashinsa.

"Ku tura waje!" in ji tsohon. "Sannu, sannu. Ƙara kaɗan!"

Matan ciki suka tura, na waje suka tare. Gurbin ya buɗe da ƙyar. Muka cusa fallen, ya tsaya rabi, tsohon ya sa kafaɗarsa ya ba shi wani ɗan bugu daga ƙasa, sai ji muka yi ƙwas, ya zauna. Na zura ƙusa ta farko, ta wuce. Ta biyu ta wuce. Ina kan ɗaure ta ƙarshe motar farko ta shigo filin, na jefa sifanar cikin kwandon wata mata.

Babban baƙo ya sauko, ya zagaya, ya buga bango da tafin hannu sau biyu, bango bai motsa ba. Aka yi jawabi, aka yi tafi, har aka ambaci kamarad kafinta. Ban ji rabin abin da aka ce ba, can gefe na koma na zauna a kan bokiti.

Da la'asar na tafi gidan Gwaggo. Na iske ta a tsakar gida tana shafa man zafi a gwiwa. Na durƙusa na ce ta yafe mini maganar da na faɗa mata. Surukarta ce ta fito daga ɗaki da makullai a hannu ta ajiye a gabanta, ta ce tunda an gama lafiya ga ajiyarta. Na tambaya makullan mene ne. Surukar ta ce tun da asuba Gwaggo ta damƙa mata makullin ɗaki da na rumbun kifi, ta nuna mata inda likkafaninta yake, ta yi sallama da jikokinta.

"Gwaggo, don mi?"

"Kana tsammanin ina tsaye a tahi da kai?" in ji ta. "Da bangon ga bai shiga ba, kahin su taɓa ka na gaya ma sojan ga gaskiya na shiga motar. Ni nay yi wanki." Ta ci gaba da shafa gwiwarta. "Amma ɗan nan, ranar da nat tambaye ka, da ka ce min Gwaggo, kada a taɓa, ko ƙuda ba ya sauka bisa allin ga."

Nan na yi kuka, ni da gemuna, a gaban surukarta da jikokinta.

Na yi shekara arba'in ina aikin katako bayan wannan, kuma abin da makon nan ya koya mini bai bar ni ba. Duk wanda ya tambaye ni mene ne wannan, ko tsohuwa ce, ko mai wucewa ne, sai na ajiye guduma na gaya masa. Na ɓoye ɗan sanin da nake da shi don a ce ni kaɗai na iya, kuma saura faɗin yatsu biyu matar da ta raine ni ta biya shi da ranta.